Tarwaɗar da Ta Raba Baba Sumana da Kogi

Akwai wani dattijo a Zangon Kumasi ana ce masa Baba Sumana. Mahaifina ne. Wata huɗu ke nan da muka kai shi makwancinsa, kuma har yau in zan wuce inda yake shimfiɗa tabarmarsa sai na kau da kai.

Asalinsa Basarke ne, wato masunci, daga wajen Gaya, a bakin Kwara. A cikin kwalekwale ya girma. Neman abinci ne ya kawo shi Kumasi, ya zama mai ɗaurin huhun goro, ni ma sana'ar da ya koya mini ke nan. Amma zuciyarsa ba ta taɓa barin ruwa ba. Ko kwata ce ta cika bayan an yi ruwan sama, sai ka ga ya tsaya yana kallo.

Shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya iso Kumasi, ya gano wani ƙauyen Asante a bakin wani reshe na kogin Ofin. In an fita da asuba, ana isa da hantsi. Ya je da gishiri da goro, ya roƙi dattijon ƙauyen, Nana Kwaku Boadi, ya bar mutanen Zango su riƙa zuwa sau ɗaya a shekara su wuni a bakin ruwa.

Nana ya yarda, amma da sharaɗi guda. Akwai wani gurbi a gindin ƙaton rimi, kifin cikinsa ba a kamawa, ba a ci. Su a wurinsu 'ya'yan kogi ne. Baba ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗauki alkawari da sunan Zango gaba ɗaya.

Haka Ranar Kogi ta soma, Alhamis ɗin farko bayan ƙaramar salla.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ba zai gane ba. Mata a gaba da tukwanen wake da shinkafa a ka, samari na bin su da tabarmi. In an isa, a yi kokawa a kan yashi, a yi iyo, tsofaffi su yi ta gardama a kan sunan wani tsuntsu, kowa na cewa yadda ake kiransa a garinsu ne daidai. Matan ƙauyen su kawo mana dokunu, tuwon masararsu, da gasasshiyar ayaba. Mu yi azahar a inuwar itatuwa.

Baba kuwa wurinsa ɗaya ne. Ya zauna a saiwar rimin nan, ya zura ƙafafu a ruwa, yana gutsura wa kifaye dokunu. Tarwaɗa ce manya-manya, wata ta kai cinyar mutum, suna zuwa har suna gogar ƙafarsa.

Amininsa Gausu yakan tsokane shi. "Kai, Sumana! Basarke guda, kifi na lasar ƙafarsa, ya naɗe hannu? Da mutanen Gaya za su ji, da sun kore ka daga dangi."

Baba ya yi dariya ya ce, "Hannun na ƙaiƙayi, Gausu. Amma bakina ya riga ya yi magana."

Shekara goma sha biyar ana haka.

Sai tari ya kama shi, abinci ya daina shiga. Wata rana na ji ya ce wa ƙanwata Barakatu, "Da zan samu romon ɗanyen kifi irin na gida, da na sha." A kasuwarmu kuwa sai busasshe da mai gishiri. Na riƙe maganar a raina.

Ranar Kogi ta wannan shekarar na tafi da ƙugiya a aljihu. Na bari sai da kowa ya duƙufa kan abinci, na zagaya bayan rimin na jefa. Ko jira ban yi ba. Kifin da ya saba cin abinci a hannun mutum bai san ƙugiya ba. Na buge kansa, ina cusa shi a buhu, sai ga wata mata ta zo ɗiban ruwa. Ta saki tulu, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu.

Nana ya zo. Bai ɗaga murya ba, ni ma ko kallona bai yi ba. Sai ya dubi Baba ya ce, "Sumana, ku tattara kayanku."

Tukwane ba su ko huce ba muka kama hanya.

Da muka isa gida Baba ya kira ni. "Idi, gobe ka koma ka ba su haƙuri."

"Baba, don kai fa na kama. Ni musulmi in je in durƙusa saboda tarwaɗa?"

"Na san don ni ne, Allah ya yi maka albarka. Amma ba tarwaɗa za ka ba haƙuri ba. Mutanen da suka amince da bakina ne."

"Sa ni za su yi in yanka wa kogi rago, in zuba giya a ƙasa. Ba zan yi ba."

"Ka je ka tambaya tukuna."

Ban je ba. Gausu ya je a madadina, suka karɓe shi da mutunci, suka ce hannun da ya yi abin shi ne zai zo. Baba kuwa ƙafa ta riga ta ƙi, ba zai iya tafiyar ba.

Salla ta zagayo, babu zuwa kogi. Alhamis da sassafe ya sa babbar rigarsa, ya zauna a ƙofar gida yana fuskantar hanya. Da rana ta take, ya cire rigar ya ninke. Salla ta biyu ma haka ya yi.

Barakatu takan cika kwarya da ruwa ta sa masa ƙafafu a ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Na gode, 'yata. Sai dai wannan ruwan ba ya tafiya."

Ni kuma ta tare ni a zaure. "Yaya, kanka ya fi dutsen niƙa tauri. Dubi tsohon nan fa! Me zai ragu a jikinka in ka ce ka yi laifi?"

Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta.

A azumi na uku ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Wata rana bayan la'asar ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna.

"Idi, ban roƙi Allah in koma Gaya ba, ta yi nisa. Ruwa mai tafiya kawai nake so in gani, ko sau ɗaya."

Washegari na kama hanya da azumi a bakina. Na tarar da Nana a ƙarƙashin rumfa. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce da ɗan Asantancin da na iya, "Nana, na yi laifi. Ni ne na karya alkawarin ubana. Amma rago da giya kam addinina bai bar ni ba."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce maka rago? Tun shekarar farko ubanka ya gaya mana ku ba kwa zuba giya, ba mu taɓa nema ba. Ƙafarka da bakinka muke jira. Da ka zo a makon da abin ya faru, da a makon magana ta mutu."

Na rasa inda zan sa idona.

Nana ya ce, "Tsohon fa? Yana nan?"

"Yana nan, amma ba ya iya tafiya."

"To, samarina huɗu za su zo ranar Laraba da kujera, su kwana a wurinku, Alhamis su ɗauko shi. Ka ce masa kifayen ma sun rame, babu mai gutsura musu dokunu."

Da na gaya wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kullum sai ya tambayi Barakatu, "Yau saura kwana nawa?" Aka yi salla ranar Litinin. Talata ya sa aka yi masa aski.

Laraba bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Muna fitowa da makara da la'asar, sai ga samarin Nana sun shigo layinmu, ƙafafunsu duk jar ƙasa, kujera a kafaɗa, sun ɗaure mata sabon zane don kada rana ta dami Baba. Suka tsaya. Babbansu ya dube ni, na girgiza kai.

Ba su ajiye ta ba. Suka bi bayanmu da ita haka nan, babu kowa a kai, har ƙofar maƙabarta.

Kwana ɗaya ya rage masa ya ga ruwan. Ni kuwa kusan shekara uku na samu, na zauna a kansu.

Darasi: In ka yi wa mutane laifi, ka je da ƙafarka tun yau ka ba da haƙuri, kada ka zauna kana ƙiyasta abin da za su ce ba ka tambaya ba. Girman kanka ba kai kaɗai yake cuta ba, wani lokaci wanda ka fi so ne zai ɗauki nauyinsa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi, ya isar wa wasu, ku kuma sa Baba Sumana a addu'a.