Wuyan Yaya Hambali da Sunan Jariri

Inna, ke ce mai raba mana gardama, ga shi wata ta taso ba kya nan.

Bayan rasuwarki, ciwon wuyan da ya kwantar da ke ya kama Yaya Hambali. Da farko mun ce buhunan da yake ɗauka a kasuwar hatsi ne. Sai yatsunsa suka fara mutuwa, gammo ma ya koma masa kamar dutse.

Muka kai shi gun Ɗanjuma wanzami, wanda ya sha yi miki ƙaho. Har ya wasa aska, sai ya ga moɗa ta suɓuce daga hannun Yaya. Ya mayar da askar cikin zabira, ya ce, "Ɗana, wannan ba mataccen jini ba ne. Na tsaga mahaifiyarku ban ga amfani ba. Ku tafi asibiti."

A can muka bi layin likitan ƙashi, don a tunaninmu wuya ai ƙashi ne. Likita Nafi'u ya duba hoto, ya bubbuga gwiwar Yaya. Bai sallame mu da ƙwayoyi ba. Ya ce lakar wuya ce ta matse, aikin wata likitar jijiya ne, ya taka da ƙafarsa ya raka mu har ƙofarta. Ita ta yi tiyatar.

Aka hana Yaya ɗaukar ko tulu, ga matarsa Zulai da ciki. Da ba don Isuhu abokin dakonsa ba, da ya koma ƙarƙashin buhu ɗinki bai warke ba. Isuhu ya haɗa kayan Yaya da nasa har damina ta wuce. Kullum yamma ya kawo awo yana tsokana: "Ranka ya daɗe, mai wuyan ƙwai, kwanta abinka."

Yanzu Zulai ta haifi namiji. Yaya ya yi alkawarin sa masa sunan wanda ya cece shi, sai lissafi ya rikice masa. Likitar da ta yi tiyata mace ce, sunanta ba zai hau kan namiji ba. Ya ce da ni, "Kai ka fi zama a gindin Inna, kai za ka zaɓa."

Da wanzami ya tsaga, da ba mu je asibiti ba. Da Likita Nafi'u ya riƙe mu, da laka ta lalace. Da Isuhu ya gaji, da tiyatar ta tashi a banza.

Suna ya ƙarato, Inna, ban faɗa wa kowa ba tukuna cewa na kasa. To ku da ke saurare, a cikin ukun nan wa ya fi cancanta a raɗa wa yaron sunansa?