Hitar Malam Haladu da Itacen Jego

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don na san wasunku suna da dangin miji a can. Ku gyara zama ku saurara. Ke mai jan mayafi, ajiye wayar nan, ba za ta gudu ba.

Sunansa Malam Haladu. Shi ne ladanin masallacin unguwarsu, tun gemunsa yana baƙi har ya koma fari fat. Ba shi da gona, ba shi da shago, abin da ya mallaka a duniya shi ne kiran sallar nan da makullin masallaci da yake ɗaurewa a mazagin wando. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, ya rage daga shi sai ciwon gwiwa.

Ciwon gwiwar ne ya sa ɗansa da ke aiki a kudu ya aiko a saka masa hita. Ba irin wadda kuke tsomawa a bokiti tana fizgar hannun yara ba, ta bango nake nufi, mai kama da farar ganga. A lokacin ba kowa ya san ta ba. A lokacin kuma in an kawo wuta takan wuni, kada ku yi dariya, an yi wannan zamani.

Mai sakawa, wani Inuwa, ya zo da guda biyu a bayan akori-kura, ƙarama da babba. Ya ce, "Baba, kai kaɗai ne, ƙaramar ta ishe ka."

Malam ya ce, "Saka babbar. Gida ba ya rasa baƙo."

To, a bakin lungun akwai Indo mai ƙosai. Indo fa hannunta na cikin ƙullu, idonta na ƙofar kowa. Ta ji wannan magana, ta juya ƙosanta, ta ce da masu saye, "Tsoho shi kaɗai da babbar ganga? Uhm. Allah dai ya nuna mana baƙon."

Inuwa ya kafe ta a bangon banɗaki, ya ja mata bututu daga tanki, ya binne wata waya a ƙasa don kada wuta ta bi ruwa ta ja mutum. Ya ce, "Baba, kada ka kuskura ka kunna ta babu ruwa a ciki. Wannan ɗan bututun da ke ɗiga kuma, kada wani mai wayo ya toshe maka shi, ta nan take numfashi. Ruwan rijiyar nan taku kuwa mai kanwa ne, yana barin fari a ciki, a riƙa kirana ina wankewa." Malam ya ce ya ji.

Yanzu ku saurara da kyau, ga inda labarin yake.

Jikin katangar Malam akwai maƙwabcinsa Sallau, wanda masaƙar da yake aiki ta rufe, ya zauna ba sana'a. Matarsa ta haihu. Kun san al'ada: kafin mace ta sauka, miji ya tara itacen jego a ƙofar gida, tsibi guda, kowa ya wuce ya gani ya ce wane ya cika namiji. Da shi za a riƙa dafa ruwan wanka safe da yamma har a yi arba'in. Surukan Sallau kuwa dama a wuya suke da shi, sun ce in ya gaza za su zo su ɗauki 'yarsu. Sai Sallau ya jera tubalan ƙasa, ya ɗora 'yan faskare a sama da gefe, ya zama tsibi mai kyan gani. Ciki fa ƙasa ce.

Ya shigo wurin Malam bayan sallar asuba, kansa a sunkuye. Ya ce, "Baba, asirina na hannunka. Itacen da ke ƙofata ko kunun kanwa ba zai dafa ba."

Malam ya ce, "Wa ke yi mata wankan?"

"Goggona Lantana, ta zo daga ƙauye."

"Ka ce ta riƙa zuwa da bokiti. Ruwan yana nan yana tafasa ba mai amfani da shi."

Sallau ya ce, "Baba, kada kowa ya ji."

Malam ya ce, "Ba mai ji daga bakina."

Ita kuwa Lantana, sai kun gan ta. Bazawara ce, ta manyanta, amma ba ta yarda ta tsufa ba. Lalle har gwiwar hannu, kwalli raɗau, turare kuwa kafin ta iso ya riga ta. Da sassafe ta shiga gidan Malam da bokiti, ta fito ta lulluɓe shi da zane don kada tururi ya tona. La'asar ma haka. Gobe haka, jibi haka.

Indo ta gani. Indo ta ce, "Goggo, ina kwana? Me ake samowa a gidan ladan ne haka a rufe?"

Lantana ta ce, "Albarka, 'yar nan."

Ai kuwa kafin rana ta take, albarkar nan ta zaga unguwa. Wata ta ce ta ji ƙarar ruwa da dariya. Wata ta ce dama shi ya sa aka zaɓi babbar ganga, wankan mutum biyu. Wani a majalisa ya ce shi tuntuni ya lura muryar Malam ta sake in yana kiran asuba, ta yi wani laushi. Jama'a, muryar tsoho mai mura! Kowa ya kawo nasa ya ɗora, kowa ya rantse bai ce komai ba, ji ya yi.

Malam ya fito salla, aka fara amsa masa gaisuwa da hanci. Ya yi shiru. Aka daina matsa masa a tabarma. Ya yi shiru. Wani ya ce a bayansa, yadda zai ji, "A riƙa tsarki dai kafin a kama lasifika." Ya yi shiru.

Lantana da ta ji, ta dire bokiti a tsakar gidansa, ta ce, "Malam, ni a shekaruna a ce ana zargina da namiji, wallahi yabo ne, ban ƙi a kai labarin ƙauyenmu ba. Amma ni baƙuwa ce, gobe na tafi. Kai ne za ka zauna da su. Bari in je in buɗe wa mai ƙosan nan bokitin a fuska."

Ya ce, "In kin buɗe bokiti kin buɗe Sallau. Surukansa su ji, su ɗauke mai jego da ɗanyen jiki. Ki yi haƙuri, ki yafe mini abin da ya shafe ki."

Ta ce, "Kai dai Malam, Allah ya yi ka da taurin kai mai sanyi."

Magana ta kai ga mai unguwa. Ya tara dattawa a zaure, aka kira Malam Haladu. Mai unguwa ya ce, "Malam, ba mu ce ka yi ba. Amma mace tana shiga gidanka safe da yamma, kai ba mata, ita ba miji. Me take ɗauka?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da Allah ya hana a ciki."

"To mene ne?"

"Ranka ya daɗe, amana ce."

"Amanar wa?"

Sallau kuwa yana can bakin ƙofar zaure cikin masu kallo, gumi na bin bayansa, ya kasa ɗaga kai. Malam ko inda yake bai duba ba, don kada wani ya bi idonsa.

Mai unguwa ya ce, "In ba za ka faɗa ba, ka ajiye makulli har mu gane."

Ku saurara fa. Mutumin nan ba shi da komai sai wannan makulli. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsira da shi. Ya sa hannu ya kwance shi daga mazagi, ya ajiye a gaban mai unguwa, ya ce, "Allah ya ba wanda zai riƙe shi ikon tashi da wuri." Ya tafi gida. Da magariba ta yi, ya ji wata murya a lasifikarsa, ya zauna a bakin ɗaki ya amsa kiran kamar kowa.

Kuma da yake jarrabawa ba ta zuwa ita kaɗai, washegari hita ta ƙi zafi. Aka kira Inuwa. Ya kashe wuta, ya tsiyaye ruwan, ya zaro ƙarfen da ke dafawa a ciki, ya fito fari tas ya yi ɓawo kamar an tsoma shi a kanwa, ya ƙone. Inuwa ya ce, "Baba, wanka kake yi ko rini? Na ce a riƙa kirana. Sabo sai an aiko daga birni, ba yau ba, ba gobe ba."

Da wani ne, da ya ce Allah ya kawo mini mafita. Ya ce wa Sallau, ka gani, ta lalace, kowa ya ji da kansa. Wa zai zarge shi? Amma mai jego ba ta fashin wanka, kun fi ni sani, sanyi ya shige ta shi ke nan. Malam ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar tukunyar wankan marigayiya. Ya duba ba itace. Ya ɗauki gatari ya faskara gadonsa na katako. Da gwiwar nan tasa ya durƙusa yana hura wuta.

Hayaƙi ya tashi daga gidan da aka daɗe ba a ga hayaƙi ba. Indo ta bar ƙosai a mai ta taho. Mata suka hau turmi suna leƙe ta katanga, maza suka tsaya a lungu wai wucewa suke yi. Indo ta ce, "Yau kuma girki ake yi mata!"

Sallau ya fito ya leƙa shi ma. Ya ga tsoho a durƙushe, idanu jajur da hayaƙi, yana tura ƙafar gadonsa cikin murhu. Sai wani kuka ya ƙwace masa. Ya juya ƙofar gidansa, ya sa ƙafa ya ture tsibin itacen. 'Yan faskare suka zube, tubala suka bayyana.

Ya ce, "Ku duba! Ga abin da Goggo ke ɗauka, ruwan wankan matata ne! Ni ne ba ni da itace. Ni na roƙe shi ya rufa mini asiri, kuka tsige shi a gabana ina tsaye!"

Masu leƙe suka fara saukowa daga turmi. Sai ƙaurin ƙosan Indo da ya ƙone ya cika lungu.

Kafin azahar mai unguwa da kansa ya tako da makulli. Kun san abin da Malam ya fara cewa? Bai ce kun gani ba. Bai ko miƙa hannu ba tukuna. Sai ya dubi Sallau, ransa a ɓace, ya ce, "Haba ɗana, me ya kai ka? An kusa arba'in fa. Da ka bari, ai da na iya." Sannan ya ce da mai unguwa, "Ranka ya daɗe, in ana son in karɓa, a taya ni kada maganar nan ta isa gidan surukansa ta bakin wani. Kai za ka je musu da bakinka." Mai unguwa ya je. Da ya dawo, Malam ya karɓi makullinsa. Gida-gida aka riƙa kai itace ƙofar Sallau, kowa yana ajiyewa yana sauri kada a haɗa ido. Mai jego ta ƙarasa wankanta a ɗakinta.

To 'yan uwana, ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda aka ba amanar asirin ɗan uwansa, ya riƙe ta ko da za ta ci masa suna, Allah yana gani kuma shi zai wanke shi. Wanda kuma ya ga abu a rufe, kada ya cika shi da mugun tunaninsa. Mutanen lungun nan ba su ga komai ba sai mace da bokiti, sauran duk daga cikinsu ya fito, da shi suka raba dattijo da masallacinsa.

Ke da kika san ƙarfe nawa maƙwabciyarki ta fita da wanda ya sauke ta a mota, ke da ba a shiga gida a layinku sai kin ɗaga labule, da ke nake. Kada ki waiga, wadda ke bayanki ita ma ke take kallo. Gobe in kin ga abin da ba ki gane ba a gidan wani, ki tambayi kanki ko yunwa ce ake ɓoyewa, ko ciwo, ko rashi. In kina da abin taimako, ki kai a rufe. In ba ki da shi, ki rufe bakinki, shi ma sadaka ne.

Allah ya rufa mana asiri, ya tsare mutane daga harsunanmu. Ku ce amin da ƙarfi, na ji ta ɓangaren nan ta yi rauni.