Irmiya da Maɓallin da Ya Ƙi Gogewa

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana kamar Malama Saratu ba, biron ma tsallake yake yi. Ran Lahadi a ajinmu na coci ta tambaya wa zai kawo wa yara misali sati mai zuwa. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi tashi. Shi ne nake rubutawa a bayan littafin lissafina, ba wanda ya sani. In na samu ƙarfin hali zan cusa shi cikin jakarta.

Akwai wani mutum, sunansa Irmiya, aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni. Matarsa Dinatu kuwa kaji take kiwo. Da ya ga kajinta suna ƙin kwanci a kan ƙwai, sai ya haɗa mata akwatin ƙyanƙyasa da katako da fitilun ɗumi, ya manna wata 'yar kwamfuta a gefe, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Aikinta guda ɗaya ne: in akwatin ya yi sanyi ta kunna fitilu, in ya yi zafi ta kashe. Dinatu ta jera ƙwai ɗari biyu a ciki, kullum tana ƙirga kwana.

Ana nan, ran kwana goma sha tara, saura biyu 'yan tsaki su fito, aka wayi gari da ruwan sama da sanyi irin na tsakiyar damina. Dinatu ta leƙa akwatin, ta ga fitilu a mace. Ma'aunin zafi da ya kamata ya tsaya a talatin da bakwai ya sauko talatin da biyar.

Ta ce, "Maigida, taso! Abin naka ya yi barci, ƙwaina suna shan sanyi."

Irmiya ya san dalili, domin jiya ya taɓa umarnin yana son ya ƙara masa kyau. Ya ce, "Minti biyar, Dinatu. Ki sa mana ruwan shayi, kafin ya tafasa na gama."

Kwamfutarsa tana wurin gyara, sai ya aro ta maƙwabci, ya haɗa ta da 'yar kwamfutar akwatin da waya. Ya buɗe abin da masu wannan aiki suke farautar kuskure da shi, suna ce masa dibaga. Shi dibaga ba hoto ba ado, baƙin allo ne kawai. Ka rubuta masa umarni, ya bi aikinka layi layi, ya nuna maka inda ka yi tuntuɓe.

Irmiya kuwa mai sauri ne, yatsunsa kamar ana soya gyaɗa. Yakan yi kuskure, amma kafin ido ya gani ƙaramin yatsansa ya riga ya kai ga maɓallin gogewa, wannan mai kibiya da ke kallon hagu, ya koma baya ya gyara. Shi kansa ba ya sanin ya yi.

Ya rubuta umarni na fari, dibaga ya karɓa. Ya rubuta na biyu, dibaga ya ce, "Ban san wannan umarni ba." Irmiya ya duba allon, ga rubutu daidai, ko ɗigo bai ɓace ba. Ya sake, aka karɓa. Ya ci gaba, aka ƙi. Haka ya yi ta yi, taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya, har ruwan shayi ya tafasa ya huce.

"Talatin da huɗu," in ji Dinatu. Ta sake tafasa ruwan, ta juye cikin kwalabe, ta jera su gefen ƙwan, ta lulluɓe akwatin da bargonsu.

A gidan kuwa akwai kakarsa, Kaka Laraba, uwar babansa. Shekara talatin ta yi tana buga tafireta a ofis kafin ta huta. Ita da jikanta kullum cikin wasa suke, tana kiransa angonta. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi da kofin kununta.

Ta ce, "Ango, wannan ne minti biyar ɗin? Ni dai da na san haka kake da aiki da ban aure ka ba."

Ya ce, "Tsohuwa, don Allah ki bar ni. Wannan ba zamanin ƙwas-ƙwas ɗinku ba ne. Na'urar ce ta haukace. Duba, ga abin da na rubuta, daidai ne ko ba daidai ba?"

"Ni ba na ganin ƙananan rubutun nan, tabarauna yana ɗaki. Ci gaba, ango, ina kallon hannunka."

Haka kuwa ta yi. A makarantar koyon tafireta an koya musu su kalli hannun mai bugawa, ba takardarsa ba. Ta zuba wa yatsunsa ido tana kurɓar kunu, shi kuwa yana bugawa yana tsaki.

Can sai ta ce, "Yanzu zai ƙi."

Dibaga ya ƙi.

Ya sake bugawa. Ta ce, "Wannan zai karɓa."

Dibaga ya karɓa.

Irmiya ya ɗaga hannu daga kan maɓallai, ya juyo. "Kaka, duba kika fara yi da tsufanki? In faɗa wa fasto?"

Ta yi dariya har kunu ya kusa zubewa. "Faɗa masa mana, tare muka yi aji da uwarsa. Ba duba ba ne, ƙaramin yatsanka ne ɗan tsegumi. Duk layin da ya taɓa maɓallin can na sama, abin ya ƙi. Duk layin da bai taɓa ba, abin ya karɓa."

"Ai wannan na gogewa ne."

"Wa ya ce maka? A tafireta mu ma muna da shi. Baya yake kai ka, ba ya goge komai. In ka buga sabon harafi, kan tsohon yake hawa, tsohon yana nan a ƙasa. Shugabanmu yakan ɗaga takarda ya kalli taga da ita, duk abin da ka rufe ya gani."

"Talatin da uku," in ji Dinatu daga wajen akwatin. Wannan karon muryarta ta yi ƙasa.

Irmiya bai ƙara musu ba. Ya buga wata gajeriyar kalma a hankali, ba kuskure, aka karɓa. Ya sake buga ta, ya yi kuskure da gangan, ya goge, ya gyara, aka ƙi. Sai ya umarci 'yar kwamfutar ta nuna masa duk abin da ya iso gare ta, kada ta ɓoye komai. Ga shi kuwa, kurakuransa duka suna nan a jere, kowanne da wata 'yar alama a bayansa mai kamar rufin bukka da harafin H. Ashe kwamfutar aro tana aika wannan alama da nufin "goge", ita kuwa 'yar kwamfutar akwatin wata alama dabam ta sani. Ba ta gane saƙon ba, sai ta ajiye kuskuren, ta ajiye alamar, ta ajiye gyaran, duka a layi ɗaya. Allon ne kaɗai yake komawa baya ya rufe, ido ya ga kamar an share.

Ya rubuta layi ɗaya tak, ya ce wa 'yar kwamfutar, "Daga yanzu in kin ga wannan alama, gogewa ake nufi." Ya gwada. Harafin ya tafi, a allo da kuma can ciki.

Daga nan dibaga bai ƙara gardama ba. Ya bi layi layi, a layi na tara ya tsaya. Jiya Irmiya ya rubuta ashirin da bakwai a inda ya kamata ya sa talatin da bakwai, shi ya sa fitilu suke zaune suna jiran sanyin da ya fi wannan. Ya gyara lamba ɗaya. Fitilu suka kama, akwatin ya yi ja kamar murhu. Dinatu ta rangaɗa guɗa har kajin waje suka watse.

Irmiya ya miƙe zai rufe kwamfuta, Kaka Laraba ta riƙe masa gefen riga. "Gobe fa? In an kashe an kunna, za ta tuna?"

Ya sosa ƙeya. "Ba za ta tuna ba."

"To zauna."

Ya zauna, ya sa layin nan cikin takardar da 'yar kwamfutar take karantawa duk sa'ad da ta farka. Bayan kwana biyu akwatin ya cika da kuka, tsiyau tsiyau, 'yan tsaki ɗari da tamanin da shida. Dinatu ta ce Kaka ta zaɓi nata. Kaka ta zaɓi wani mai rawar kai da ke taka 'yan'uwansa don sauri, ta sa masa suna Ango.

Ma'anar wannan misali ita ce, yara, Irmiya mu ne. Kuskuren rubutu shi ne laifin da muke yi wa juna da wanda muke yi wa Allah. Maɓallin nan kuwa dabararmu ce ta wucewa da sauri. Ka zagi ƙanwarka da safe, da rana ka miƙa mata rake ba ka ce komai ba. Kin yi wa Mama ƙarya, sai ki share tsakar gida har sau biyu. A idonka allo ya yi fes, kana mamaki me ya sa ƙanwar take ɗaure fuska, me ya sa addu'a take maka nauyi. Ai zagin yana nan, rake ya hau kansa ne kawai. Zuciyarta ta ajiye su duka biyu a layi ɗaya.

Gogewa ba ta yiwuwa sai ɓangare biyu sun san alama ɗaya. Alamar kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. Ka buɗe baki ka ambaci abin da sunansa, ka ce, "Na yi kaza, ki yafe mini." Haka nan a gaban Ubangiji. Shi ba ya kallon allo, abin da ya iso ciki yake gani, kuma in ka roƙa yana gogewa har ƙasa, ba rufewa yake yi ba. Kada kuma ka ce sau ɗaya ya isa. Ka sa shi cikin addu'ar safiya, abin da zuciyarka za ta fara karantawa in ta farka.

Ƙwan nan kuma zumuncinmu ne. Yana da rai, amma ba ya jure sanyi na dogon lokaci. Duk mintin da ka ɓata kana cewa "ai na rubuta daidai", ma'auni sauka yake yi.

Ana kirana daga kicin, kira na biyu ke nan. Abu ɗaya ya rage. In wani ya zo ya ce ku yafe masa, kada ku yi kamar ba ku gane alamar ba, ku goge har ƙasa.