Tsutsar Kurmin Madugu Jatau

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa wata ranar Laraba da hantsi, cikin marka, jikar Sarkin Kudanda ta shiga kurmin itatuwan doka na Madugu Jatau, ta taɓa wata tsutsa mai gashi, hannunta ya kumbura. Sarki ya yi umarni a ƙone kurmin.

Shi Jatau fataucin zaren tsamiya yake yi, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Ya sayi kurmin ne don an ce tsutsar da ke saƙa zaren tana sauka a can. Ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi kada a ƙone kurmin, ya ce tsutsar masaƙiya ce.

Sarki ya sa aka ajiye masa ƙwarya cike da tsutsotsin, ya ce, "Waziri ya ce gizaka ce, mai cin ganye da sa ƙaiƙayi. Kai ka ce masaƙiya ce. Duba ka faɗa mana."

Jatau ya duba, ya daɗe. Tun yana saurayi yake sayen gidan tsutsar tsamiya a kasuwa, a bushe, amma bai taɓa ganin mai gidan da rai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san ta ba."

Waziri Babale ya yi dariya ya ce, "Madugu, ashe ka tsufa kana cin tuwo ba ka san mai tuƙi ba!"

Jatau ya ce, "Haka ne, Allah ya ja zamanin Waziri. Amma a ba ni izinin labari ɗaya. An ce baƙi biyu sun sauka wani gari, kamarsu ɗaya, tufafinsu ɗaya, kowa kuma ya san ɗayansu ɓarawo ne, ɗayan masaƙi. Mutane suka ce a kore su duka. Mai gari ya ce a ba su ɗaki da abinci, a zuba musu ido. Ba a jima ba ɗaya ya kafa masaƙa, ɗayan ya haƙa rami ta bayan ɗaki ya sulale. Ranka ya daɗe, fuska ba ta shaida, aiki ke shaida. A ciyar da tsutsotsin nan. In suka watse suka shige ƙasa, ni zan kunna wutar da hannuna."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Wuta ba ta makara, Allah ya ba ka nasara. A jira."

Aka zuba tsutsotsin a babbar tukunya, aka sa ƙasa a gindi, aka rufe da faifai. Kullum Jatau yana kawo ɗanyen ganyen doka, yana komawa gida yana sosa hannu. Suka yi ta ci, ba su yi komai ba, har ya fara tambayar farashin gawayi, don ya sami abin sayarwa in an ƙone kurmin.

Da damina ta ja baya, wata safiya aka ɗaga faifai, aka tarar sun taru a wuri guda, sun lulluɓe kansu da saƙa ɗaya mai ruwan ƙasa. Waziri ya ja silin zare, ya kara shi da aikin wuyan rigar Sarki. Iri ɗaya ne.

Sarki ya janye umarninsa, ya hana yara shiga kurmin da damina, ya ba Jatau kula da itatuwan doka na ƙasar duka. Rigar farko da aka yi wa aiki da zaren kurmin, Waziri Babale ne ya saye ta.