Faratan Tagulla a Hanyar Adogi

An yi wani mutum a nan Lafiya, mai shagon gyaran waya, wanda bakinsa ba ya hutawa da cin naman mutane. A watan Rajab ya zauna a masallaci, liman yana ba da labarin Isra'i da Mi'iraji. Liman ya ce a tafiyar nan ta sama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wasu masu faratan tagulla suna yagar fuskokinsu da ƙirazansu. Mala'ika Jibrilu ya gaya masa masu taɓa mutuncin mutane ne.

Mutumin nan ya nuna wa na kusa da shi yatsunsa, ya ce, "Ni dai duk Juma'a nake yanke nawa." Har da dariya. A cikin masallaci fa, jama'a!

Ba a yi sati biyu ba, yana ƙofar shago ya hango mace cikin hijabi a bayan babur ɗin Terkimbi, wani manomin doya, sun nufi Adogi a guje. Bai ga fuskarta ba. Ya ɗauki hotonsu ta baya, ya tura zauren unguwa na waya, ya rubuta, "Matar wani ce wannan. Masu mata, ku leƙa gida."

Wa ya aike shi? Wa ya tambaye shi?

Ya 'yan uwa, 'yarsa ce ta cikinsa, Sailuba. Maciji ne ya sari uwarta a gona, aka kai ta asibiti a Adogi. Terkimbi, maƙwabcin gonarsu, ya kira mutumin nan sau uku bai ɗaga ba, yana tsakiyar gulma, shi ya sa ya zo ya ɗauki 'yar.

Mijin Sailuba ya gane hijabin, shi ya saya mata da Sallah. Kafin ta dawo daga asibiti takardar saki tana jiranta. Aka yi bayani, Terkimbi ya rantse, mijin ya ce ba zai mai da ita ba, hoton ya riga ya kai wayoyin danginsa kaf.

Sailuba ta shigo gidan ubanta da akwati, ta miƙa masa wayarta, ta ce, "Baba, lambarka ce ta tura hoton." Ya zube ƙasa, ya kama fuskarsa da hannu biyu yana yaga har jini, da faratan nan da yake yankewa duk Juma'a.

Wallahi abin yana ba ni haushi! Abin da aka nuna wa Annabi a sama gargaɗi ne, ba tatsuniya ba. Kai mai tura hoton da ba ka san tushensa ba, 'yar wa kake tona wa asiri?

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu da yatsunmu, ya rufa wa 'ya'yanmu asiri. Amin.