Kurege da Gyara Hawa Uku

Ga wata nan tafe, ku gyara zama, ni ba na maimaita magana.

Namun daji sun tara gyaɗar iri a rumbu guda, suka sa masa ƙofa mai aiki da manhaja, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Manhajar ta kowa ce. Duk mai so ya kawo gyara, amma sai babba ya duba kafin a saka. Su kuwa manyan, da gyara ya yi tsawo sai hamma.

Kurege, yunwa ta lotsa masa ciki, ya buga ƙirji. "Ni ne gajere mai dogon tunani! Gyaɗar nan tawa ce. Gutsure satar zan yi gida uku, in ɗora wani kan wani, ba mai ganin ta dunƙule."

Ya yafa tsohon zane ya rufe jela, ya je wurin Giwa yana tari kamar wata tsohuwa. "Ranki ya daɗe, rumbu ya yi datti. Ga ɗan gyara: ƙofa ta riƙa buɗe wa mai shara."

Giwa ta ce, "Madalla, iya. Zan ɗan ƙara wani abu a ciki. Ki dawo ki duba kafin ki ɗora komai a kai."

"To, to." Yana fita ya yar da zane. "In duba me? Ni na rubuta abina!"

Da gari ya waye ya sa tabarau, ya rataya jakar kwamfuta cike da ganye, sai wurin Ɓauna. "Yallaɓai, injiniya ne daga birni. Layi ɗaya tak: mai shara ya fita da abin da ya share. A kan na jiya yake zaune, Giwa da kanta ta amince."

Ɓauna ya ce, "Tunda Hajiya ta gani, ni wane ne?" Ya sa hannu yana ta tuƙar ciyawa. Ni in zan sayi buhu sai na zura hannu har gindinsa. Shi ko saman bai taɓa ba.

Da gari ya waye Kurege ya cusa jela a wando, ya tarar da Kura. "Yaya Kura, manya biyu sun wuce, saura ke. Mai shara shi ne mai jela kamar tsintsiya. Shi ke nan fa."

Kura ta waiga ta dubi tata jelar, ta haɗiye yawu. "Ƙanena, wannan gyara ya yi. A saka!"

Rana tsaka, kowa na inuwa, Kurege ya kaɗa jela a bakin rumbu. Ƙofa ta buɗe. Ya faɗa ciki yana ɓare gyaɗa yana rawa. "Duk wannan shara ce! Ina mai wayo irina?" Ya ci, ya cika buhu, ya juya zai fita. Ƙofa gam.

Wata murya daga ƙofar ta ce, "Ba a gama shara ba."

Ashe abin da Giwa ta ƙara can ƙasa, a gyaran farko, ke nan: mai shara ba ya fita sai daɓe ya yi fes. Ga ɓawon da ya zubar har gwiwa. Ya share da jela, ya share, gashi na tsigewa, muryar nan ba ta fasa ba.

Da gari ya waye Kura ta lallaɓo ta gwada sa'arta. Ta kaɗa jela, ƙofa ta buɗe, suka yi ido huɗu. Don kada a tambaye ta me ya kawo ta, ta ƙwalla ihu, "Ɓarawo!"

Ɓauna ya iso a guje, kunya ta ƙara masa ƙarfi, ya tunkuyi Kurege. Giwa ta ƙwace buhun iri, ta kama shi da hanci ta wurga shi cikin ƙaya.

Ya miƙe yana ɗingishi, jela tsirara kamar ta ɓera. Sai da ya hau suri ya juyo. "Wa ya ce a taɓa min gyaran ƙasa? Uku ne ya yi kaɗan. Da hawa bakwai na yi, da ko Giwar ba ta gane hanya ba!" Ya zura a guje.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan jelar Kurege.