Kurege da Kibiyoyin Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Ranar Laraba ce, rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Kurege ya ga buhun gyaɗa a rataye a reshen tsamiya. Jatau manomi ne ya rataye shi. Ya wurga igiya ta kan reshe, ya ɗaura dutse a ɗaya bakin, dutse a ƙasa, buhu a sama.

Kurege bai yi gaggawa ba. Ya share ƙasa da wutsiya, ya zana buhu, ya zana dutse. Ya ja kibiya ƙasa, nauyin buhu ke nan. Ya ja wata sama, jan igiya ke nan. Ta saman ta ɗan fi tsawo, don dutse ya fi buhu nauyi.

Ya ce, "Abin da ya rage, nauyina ne."

Ya hau, ya dira kan buhu. Buhu ya sauko a hankali, dutse ya yi sama. Ya huda buhu ya shige. Ya ci, ya watso ɓawo waje. Ya ci, ya watso ɓawo waje. Ɓawon nan kuwa bai sa shi a zane ba. Buhu ya yi sauƙi, dutse ya dawo tim, buhu ya koma sama da Kurege a ciki. Ciki ya cika, kafar da ya huda ta yi masa kaɗan. Ga haushin karen Jatau daga bakin gona.

Sai ga Kura.

"Kai, ɗan ƙwal uba, me kake yi a sama?"

"Gadin kilishi, Yaya."

"Sauko da shi!"

"Da wane ƙarfi? Sai mai haƙori irin naki. Kin ga zanen nan? Tsaya daidai kan kibiyar da ta dubi ƙasa. A'a, matsa hagu. Yawwa. Ciji igiya."

Kurege ya yi lissafi: in jan igiya ya tafi, saura kibiya ɗaya, kuma ya san inda za ta sauka.

Kura ta datse igiya. Buhu ya faɗo mata a gadon baya, ya fashe. Ta zura da gudu tana ihu, kare ya bi ta. Kurege ya karkaɗe jiki, ko ƙwarzane babu.

Washegari da safe ya zauna a ƙofar raminsa da tsinken zane a hannu. Duk wanda ya gaishe shi bai ce Malam ba, ba ya amsawa.

Ƙurunƙus. Wanda zai ci gyaɗar mutane, ya haɗiye har ɓawon.